Safiyar da Baba Ya Shiga Dajin Bareyi

Ban taɓa sabawa da bindigar nan ba. Tun ranar da aka kawo akwatinta na ƙarfe aka kafe shi a bangon ɗakin ajiya na gidanmu na bene a unguwar Plumstead ta London, ban ƙara wucewa ta wurin ba sai gabana ya faɗi. 'Yan sanda sun zo sun duba, suka jijjiga akwatin, suka keɓe ni suka tambaye ni ko ina da wata fargaba game da maigidana. Na ce babu, kuma gaskiya na faɗa. Mutum ne mai sanyin hali, ko ƙofa ba ya bugawa da ƙarfi. Amma ina kallon labarai kamar kowa, na san irin kallon da ake yi wa baƙar fata mai gemu in an ce yana da bindiga a garin nan. In zai fita da ita, a doguwar jaka yake sa ta, ni kuwa in laɓe bayan labule ina duba tagogin maƙwabta har motarsa ta sha kwana.

Aikinsa na asali gyaran bishiyoyi ne. Akwai wani daji a bakin London, can inda gidaje suke ƙarewa a shiga gonakin Kent, wanda masu shi suka ba kamfaninsu kulawa. A nan ya haɗu da wani tsohon Bature maharbi, wanda ya koya masa harbin barewa, ya tsaya masa har ya ci jarrabawa ya sami lasisi. Bareyin nan ba irin namu ba ne. Sun fi girma, mazansu suna da ƙaho mai rassa, kuma sun yi yawa har suna shiga lambunan mutane. Duk hunturu masu dajin sukan ce a rage su. Su biyu suke yin aikin, shi da tsohon.

A hunturun da nake magana, mahaifina ya zo daga gida don a yi masa aikin ido. Baba maharbi ne tun yana saurayi, a wani ƙauye na ƙasar Ningi. Na tashi ina ganin fatu a shanye kan danga, ina jin warin albarushi a jikin rigarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana, sai dai Uwata. Aikin ya yi kyau. Da aka cire masa bandeji ya daɗe yana kallon bayan hannunsa, sannan ya ce ashe haka ya tsufa ba wanda ya gaya masa.

Da ya warware, maigida ya ce bari ya kai shi ya ga abin da zai faranta masa rai. Na bi su. Muka ajiye mota a bakin shinge, muka taka kaɗan, sai ga su a wani fili tsakanin bishiyoyi, garke guda, suna kiwo, hayaƙin sanyi na fita daga hancinsu. Baba ya tsaya cak. Ya kama hannuna ya matse har na ji zafi.

"Uwata," ya ce a hankali, "rabona da ganin garke haka tun ba a haife ki ba."

A mota ya tambayi mai su. Maigida ya ce babu mai su, amma su ne suke rage su. Ya ƙara da cewa a wannan lokacin matan ake harbi, don in maza kaɗai aka kashe yawansu ba ya raguwa.

Baba ya ce, "Matan? Yanzu? Ai cikinsu ya fara fitowa, na gani."

"Haka ne, Baba. Lokacin da doka ta ba da dama ke nan, kafin su haihu a bar 'ya'ya marayu."

Baba ya mai da fuskarsa wajen taga har muka iso gida.

Daga ranar gidanmu ya canza. Suruki da suruki ba sa musu baki da baki, saboda haka ta kaina maganar take bi. Baba yana falo kan darduma, maigida yana kicin yana shan shayi a tsaye, ni ina kai da kawo. Baba ya ce in gaya wa mijina, wanda ya koya masa harbi ya sa shi ya rantse ba zai taɓa ɗaga bindiga kan mace mai ciki ba, kuma bai taɓa ba. Ya ce su ma a gida sun ɗauka daji ba ya ƙarewa. Yana yaro, gada tana shigowa har bayan rumbu. Yanzu in ka ce wa yaro barewa sai ya nemi ka nuna masa a waya. Ba a rana ɗaya aka gama da su ba, kowa da hujjarsa ya riƙa ɗauke ɗaya ɗaya.

In na kai wannan kicin, maigida sai ya ajiye kofi ya ce in gaya wa Baba nan ba can ba ne. A nan babu kura, babu damisa, babu abin da yake cin barewa sai mota. Ya ce shi da hannunsa yake dasa ƙananan bishiyoyi, ya dawo ya tarar an cinye su har ƙasa. Ƙarƙashin dajin ya zama fetal, tsuntsayen da suke sheƙa a ƙasa sun watse. Ya ce ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba an kira shi bakin titi ya ƙarasa barewar da mota ta karya wa baya, tana jan ƙafafu, direban yana zaune a gefe jina-jina. In ba a rage su ba, yunwa za ta rage su, kuma yunwa ba ta da saurin harsashi.

Ni duk wanda na tsaya gabansa sai in ga shi ne da gaskiya.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, tsohon Baturen ya zo gaishe da Baba. Ni na yi musu tafinta. Ashe shi ma yana da tasa. Ya yarda a rage, amma ya ce adadin da masu dajin suke nema ya yi yawa, kuma bai son wata na'ura da maigida ya sayo, wadda take nuna zafin jikin dabba ko tana cikin duhun ganye. Ya ce maharbi ido da haƙuri ne, in dabba ba ta da wurin ɓuya to ba farauta ake yi ba. Baba ya yi ta gyaɗa kai kamar yana jin Turancin kafin in fassara. Maigida ya ce ai dama ba farauta suke yi ba, aiki ne, kuma na'urar ita take hana a raunata dabba ta gudu ta mutu a wulaƙance. Tsohon ya ce shekarunsa nawa yana yi babu ita. Suka rabu kowa fuska ba walwala.

Baba ya daina cin naman barewar da maigida yake kawowa. Maigida ya yi masa bayanin cewa da bismilla yake harbi kuma yana yankawa, Baba ya ce bai ce haram ba ne, ba ya dai iya haɗiye shi. Daga nan sai ya daina maganar gaba ɗaya, kuma shirun nan ya fi musun tayar mini da hankali. Na san mahaifina. Wata rana ina wanke-wanke ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ni, da safe iskar garin nan daga wane ɓangare take tasowa. Na ce ban taɓa lura ba. Ya tambaye ni yaushe mijina zai koma dajin. Na ce ranar Asabar. Na ɗauka hira ce.

Ranar Asabar maigida ya fita tun kafin asuba, kamar yadda ya saba, don shi da tsohon su hau wuraren zamansu a saman bishiya kafin gari ya waye. Baba kuwa yana da nasa tsarin. Akwai wani maƙwabcinmu, Bahaushen Gana, direban tasi, wanda yake ɗaukarsa zuwa masallaci sallar asuba ya dawo da shi. Na ji fitarsu. Ba ni da aiki ranar, na yi sallah na dama kunu, na zauna ina jira. Kunun ya huce. Sama ta fara yin toka-toka ta taga, Baba bai dawo ba.

Na leƙa ɗakinsa, na dawo na duba wurin rataye riguna a bakin ƙofa. Baƙar rigar sanyin da na saya masa tana nan a rataye. Wadda babu ita ce tsohuwar rigar aikin maigida, mai ruwan ƙasa. Launin jikin barewa sak.

Na kira direban. Sai da na kuskure lamba kafin na same shi.

"Ina Baba?"

"Hajiya, ai na kai shi wurin suruki nshi. Ya ce suna da alkawari a daji. Shi ya nuna mini hanya ma, kwana kwana, bai ɓata ko ɗaya ba."

"Ka sauke shi a ina?"

"A bakin shinge. Hajiya, lafiya? Me ya sa kana kuka?"

Haka yake magana, kowa "ka" ne a bakinsa, mace ko namiji. Kullum abin yana ba ni dariya. Ranar ce masa na yi ya zo yanzu-yanzu, harbi ake yi a dajin, kuma ba wanda ya san Baba yana ciki.

Na kira maigida. A kashe. Na san a mota yake barin wayar in zai hau, don kada ta yi motsi ta kori dabba. Ba ni da lambar tsohon Baturen. Na sake kira, na sake, ina jin muryar matar nan tana ce mini in bar saƙo. Sai na danna lambar 'yan sanda, na tsaya ina kallonta. Me zan ce? Mijina yana daji da bindiga, mahaifina yana ciki? Na hango motocinsu suna shiga da jiniya, mutane masu sulke suna bazuwa cikin bishiyoyi, maigida yana saukowa riƙe da bindiga bai san abin da ake ciki ba. Na hango yana juyowa da sauri don an daka masa tsawa. In ban kira ba kuma, ga Baba cikin rigar nan yana sanɗa a duƙe, yadda ya saba tafiya a daji duk rayuwarsa. Ban san wanne ya fi ba. Ina tsaye da wayar a hannu direban ya yi hon a ƙasa. Na zura hijabi a kan rigar barci na sauka.

Hanyar nan ban taɓa ganin tsawonta ba sai ranar. Kowace danja ja muke tarar da ita. Wata bas ta tsaya a gabanmu tana ɗaukar mutane a natse, wata mata tana lalubar katinta a jaka. Direban yana ta istigfari, yana cewa da ya sani da bai kai shi ba. Ni ba abin da yake fita daga bakina sai innalillahi. Gari yana ƙara wayewa, kuma na sha jin maigida yana cewa daidai wannan lokacin ne, da haske ya fara isa a ga dabba, ake yin harbi.

Muka iso. Ga motar maigida da ta tsohon a ajiye, ga allon gargaɗi an rataya a ƙofar shinge, da jan rubutu, an hana shiga. Baba ba ya karanta Turanci, kuma ko yana karantawa ba zai hana shi ba. Na buɗe mota ke nan na sa ƙafa ɗaya a ƙasa, sai na ji ƙarar.

Ba ta da ƙarfi. Kamar an doka katako a kan katako, can ciki. Tsuntsaye suka tashi. Na zube a cikin taɓo. Ban san lokacin da na miƙe na tura ƙofar shingen ba, na dai ji kaina ina gudu ina kiran Baba da iyakar muryata, ƙaya tana kama hijabina, takalmina ɗaya ya tsaya a laka.

Sai muryar maigida ta taso daga cikin bishiyoyi, irin muryar da ban taɓa jin ya yi ba.

"Tsaya inda kike! Kada ki motsa!"

Na tsaya. Na rungumi wata bishiya mai sanyi da gansakuka, na kifa goshina a jikinta. Ban san wa aka harba ba. Ban san ko tsawar nan ta wanda ya kashe surukinsa ce ba. Ina jin ruwa yana ɗiga daga rassa, ba na jin muryar Baba ko tarinsa. Na yi ta kasa kunne don tarin nan, don tun da ya zo sanyi yake sa shi tari.

Can sai ga tsohon Baturen ya ɓullo, bindigarsa a rataye, ya ɗaga mini hannu tun daga nesa. Ya ce kowa lafiya. Ya maimaita har sau nawa kafin maganar ta shiga kaina. Ya ce barewa ce, shi ya harba, daga can ɗaya ɓangaren, kafin maigida ya same shi a rediyon da suke magana da juna ya ce a dakata. Ya riƙe gwiwar hannuna ya kai ni.

Akwai wata kujera da ake kafawa a saman tsani a jikin bishiya, inda maharbi yake zama ya harba ƙasa. Maigida yana zaune a gindin tsanin, ya cire harsasai ya ajiye bindigar can nesa da shi. Ya yi amai a gefe. Baba yana tsaye a gabansa cikin rigar nan, hularsa a kai, wandonsa jiƙe har gwiwa. Na faɗa jikinsa ina shafa ƙirjinsa da bayansa ina neman jini, yana cewa, "Uwata, lafiyata lau, sake ni."

Maigida bai dube ni ba. Baba yake kallo. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin ya ce wa mahaifina "ka" ba, kullum "ku". Ranar ya ce.

"Na gan ka a na'ura. Abu mai zafi, a duƙe, yana tafiya a hankali cikin ganye. Na ɗaga bindiga, na sa ido a madubinta, na ga baya mai ruwan ƙasa. Na cire makullin kunamar. Kan dabbar kawai nake jira ya ɗago in tabbatar mace ce ko namiji. Sai hula ta ɗago. Baba, hula! Me zan gaya wa 'yarka? Me zan gaya wa Allah?"

Ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa suna rawa.

Baba ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce shi dai so ya yi ya bi ta saman iska, bareyin su ji warin mutum su bar wurin. Ya ce ya yi ta duba ƙasa yana neman inda maharbi zai laɓe, bai taɓa kawowa ransa a sama ake zama ba.

Sun ji warin kuwa, sun bar wurin. Sai dai inda suka gudu, can ne tsohon Baturen yake jira.

Muka je muka ga barewar a kwance a gefen wani rami. Mace ce. Maigida ya taso ya biyo mu. Ya nuna haƙarƙarinta, waɗanda ake iya ƙirgawa ta saman fata, ya ce a duba yadda ta rame. Baba ya durƙusa ya ɗora tafinsa a kan cikinta, ya daɗe a haka, ya ce a duba nan kuma. Tsohon Baturen bai ji abin da suka ce ba, amma bai nemi in fassara ba. Ya cire hularsa ya share goshi, ya ce yau an tashi daga aiki.

Direban ne ya tsinto mini takalmina. A gida na zuba ruwan ɗumi a roba na sa ƙafafun Baba, yatsunsa sun yi fari fat don sanyi. Ni kuma haƙorana suka riƙa haɗuwa, na sha bargo biyu bai tsaya ba sai wajen azahar.

Maigida da tsohon sun kai rahoto da kansu. Masu dajin suka dakatar da aikin, aka yi zama, aka canza yadda ake tsare ƙofa. Wani jami'in 'yan sanda mai kula da lasisin bindiga ya zo gida ya yi tambayoyi, ya nemi ganin Baba, ni na fassara ina jin kamar zan shiɗe. Na ɗauka za a karɓe lasisin, ko a ce Baba ya yi laifin da zai hana shi sake shigowa ƙasar. Makonni na yi ina firgita duk lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa. A ƙarshe ba a yi ko ɗaya ba. Amma maigida bai ƙara hawa tsanin nan ba har hunturun ya fita. Ya ce in ya sa ido a madubi, hular yake gani. Sai a shekarar da ta biyo ya koma.

Baba ya nemi gafararsa, a gabana, ba ta bakina ba. Ya ce ya ɗora masa abin da bai kamata ba, kuma ya gode wa Allah da ya ba shi suruki mai jira. Kan maganar matan bareyi kuwa bai janye ko kalma ɗaya ba.

Ranar da zai koma gida, muna hanyar filin jirgi, yana gaba ni ina baya, sai ya ce wa maigida, "Malam, in na roƙe ka ka bar harbin masu ciki, za ka bari?"

Maigida bai ɗauke ido daga titi ba. Ya ce, "Baba, ba zan yi muku alkawarin da na san ba zan cika ba. In na bari, wani za a kawo, kuma ban san irin hannunsa ba."

Baba ya gyara zama. "To. Allah ya sa ku ne da gaskiya. Ni dai ban gani ba."

Muka yi tafiya kaɗan. Sai Baba ya juyo ya tambaye ni ko na sa masa maganin ɗiga a ido a ƙaramar jaka, don kada a kai shi cikin kaya. Na ce na sa. Bai yarda ba sai da na buɗe na nuna masa.